FILIN MATA: Shin Firiza Ce Ke Shanye Kuɗin Wuta?

  A makon jiya na yi alkawari za mu ci gaba da zancen ɗinkin rigunan yara, amma sai ku yi mini gafara, don wata takarda ta zo mini wadda ba ta jira.

Mai takardar wata 'yar'uwa ce daga Zariya. Ta roƙe ni kada in ambaci sunanta, to ba zan ambata ba. Ta ce shekara guda da rabi ta yi tana zubin adashi, ta haɗa da kuɗin tunkiyarta da ta sayar, har ta sayi firiza sabuwa fil, irin ta kwancen nan mai murfi a sama kamar adaka, mai cin lita 200, wadda mai kanti ya ce mata ba ta shan wuta. Da ita ta ke sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara a cikin gida. Da ribar ta ke sayen sabulu da man shafawa, ta biya wa yara kuɗin Laraba, in biki ya taso kuma ta sami abin gudunmawa ba sai ta miƙa wa kowa hannu ba.

To, kwanan baya aka sa musu mita mai kati. Tun daga nan zaman ya soma tsami, don kuɗin da maigida ya zuba ba su kai rabin wata sai wuta ta ɗauke. Ran nan ya ɗauki tocila ya leƙa bayan firizar, ya ga an rubuta wat 100 a jikin wani ɗan allo. Ya zauna da alƙalami ya yi lissafi: wat 100 sau awa 24 sau kwana 30, ya sami yunit 72 a wata. Ya ce ashe ga ɓarauniyar nan a tsakar gida, lalle a cire ta daga wuta. Gidan kuwa akwai abokiyar zama, kun dai san yadda irin wannan magana ta kan yi rassa. 'Yar'uwar tana tambaya, wai gaskiya ne firizarta ce ke shanye kuɗin?

Ni dai malamar lissafi ce a firamare, ba ma'aikaciyar wuta ba. Amma wannan tambaya ta lissafi ce tsantsa, kowace mace da ta iya ƙidayar canjin cefane za ta iya bin ta.

Da fari ba zan yi wa Malam dariya ba, don lissafinsa bai karkace ba ko kaɗan. Abin da a ke kira yunit, wanda mita ke ƙirgawa, shi ne wutar da abu mai wat 1,000 zai sha cikin awa ɗaya. A takardu za ku ga an rubuta shi kWh. Abu mai wat 100 kuwa sai ya yi awa 10 yana aiki kafin ya cinye yunit guda. Har nan Malam ya yi daidai. Inda ya yi tuntuɓe shi ne ya ɗauka injin firiza yana aiki dare da rana ba hutawa, alhali ba haka ba ne. 'Yar'uwa, in dare ya yi tsit je ki tsaya kusa da ita ki kasa kunne. Za ki ji tana gurnani na ɗan lokaci, sa'an nan ki ji ƙas, ta yi shiru. Akwai wani ɗan ma'auni a cikinta mai lura da sanyi. Da sanyin ya kai inda a ke so, watau digiri 18 ƙasa da sifiri, sai ya kashe injin, ba zai sake tayar da shi ba sai sanyi ya ragu. Duk lokacin da ta ke shiru ba ta shan kome, sai ɗan abin da fitilar gabanta ke lasa. Firiza mai lafiya wadda kayan cikinta sun riga sun daskare, hutunta ya kan kai aikinta, ko ma ya fi.

Ta kwance kuma ta fi ta tsaye tattali, ga dalili. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. In kin buɗe ƙofar firiza ta tsaye, sanyin zai zubo ƙasa, shi ne ki ke ji a ƙafafunki. Ta kwance kuwa kamar randa ta ke, ko kin ɗaga murfi abin da ke ciki yana nan kwance. A Amurka, hukumar da ke ba kayan lantarki shaidar tattalin wuta ta ƙiyasta firizar kwance mai shaida tana shan wajen yunit 215 a shekara, ta tsaye kuwa wajen 395. Ku raba 215 gida 12, za ku sami yunit 18 a wata. Ina 18, ina 72?

Amma fa kada mu ruɗi kanmu da lissafin Amurka. A ɗakin da bai kai zafin bazararmu ba su ke gwajinsu. Mu kuwa a watan Afrilu zafi ya kan kai digiri 40 a Kano, a Sakkwato da Maiduguri har ya wuce. Aikin firiza shi ne ta kwashe zafin da ke kutsawa cikinta ta watsar waje, in waje ya yi zafi aikin ya ƙaru. Don haka na ce bari in gwada da kaina, gani ya kori ji. Yayata tana da irin wannan firiza, gidansu kuma da mita mai kati. Da hutun makaranta na damina na je na kwana biyu. Muka sami ranar da wuta ta zauna, muka kashe kome a gidan, muka haƙura da fanka, muka bar firiza kaɗai, cike da nama da markaɗen kayan miya da su ka daɗe da daskarewa. Abin da mita ta rage daga safiya zuwa safiya bai cika yunit ɗaya ba, 0.8 ne. Da bazara Yaya ta sake gwadawa ita kaɗai, ta aiko mini da 1.2. Saboda haka ni a lissafina na kan ce yunit ɗaya a rana, 30 a wata, don a sami sauƙin ƙidaya.

Yanzu sai kuɗi. Tun shekarar 2020 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, watau NERC, ta kasa masu shan wuta rukuni biyar bisa yawan awoyin da a ka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilu 2024 hukumar ta ɗaga farashin rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit, daga abin da bai kai Naira 70 ba. A watan Mayu a ka sauko da shi Naira 206.80, a watan Yuli na shekarar ya koma Naira 209.50. In an ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan wannan na ƙarshe, ya sake komawa wajen Naira 225. Sauran rukunan ba a yi musu wannan ƙarin ba a lokacin. Farashi abu ne mai motsi, don haka kowace ta duba rasit ɗin katin da a ka saya na ƙarshe, ta raba kuɗin da a ka biya da yawan yunit da a ka samu. Abin da ya fito shi ne farashin gidanku.

To, a ce gidan 'yar'uwarmu yunit Naira 225 ne. Yunit 30 ya kama Naira 6,750 a wata. Lissafin Malam kuwa Naira 16,200 ya ba shi. A ce kuma unguwarku Naira 70 ne da haraji, to Naira 2,100 ke nan a wata. Ga wani abu ma da ya kamata masu ƙarancin wuta su lura: in awa 8 kaɗai a ke ba ku a rana, ko injin bai huta ba daga kawowa har ɗaukewa, ba zai wuce 0.8 ba, don ba ya shan wutar da babu.

In ba firiza ba ce, wa ke shanye katin? Ku zo mu zaga gidan. Dutsen guga na lantarki ya kan kai wat 1,000, wani ya fi. Awa ɗaya ana gugar kayan makaranta da manyan rigunan maigida, an kusa cinye abincin firiza na yini da kwana. Hitar nan da mu ke jefawa cikin bokiti da sanyin hunturu ita ma haka ta ke, ga shi kowa a gidan sai ya dafa nasa ruwan wanka. Risho na lantarki ya fi su ci. Fankar sama guda ɗaya wajen wat 70 ta ke sha, ba ta kuwa hutawa kamar firiza, in ta yi awa 14 tana juyi ta cinye yunit. Gida mai ɗaki huɗu, kowane da fankarsa, wasu ma ba kowa a ciki, ku lissafa da kanku. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 da a ke bari a zaure har gari ya waye, shi kaɗai ya yi kunnen doki da firizar. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ba a magana, daren bazara ɗaya sai ta sha abin da firiza za ta sha cikin kwana biyar ko shida. Duk abin da aikinsa ya yi zafi ne, shi ne babban maci. Firiza ta sha zargi ne don ita ce babba a ido, ita ce kuma a ke jin gurnaninta da dare.

Har yanzu na san 'yar'uwa tana murmushi, tana shirin kai wa Malam jaridar nan. Dakata tukuna, don akwai rabin maganar da ba zai yi miki daɗi ba, ni kuwa ba zan ɓoye ba.

Duk lissafin da na yi na firizar da ke tsare kayan da su ka riga su ka daskare ne. Taki kuwa ba tsaro kaɗai ta ke yi ba, sana'a ta ke yi. Kullum kina kwashe masu sanyi kina zuba masu ɗumi. Mayar da ruwa ƙanƙara aiki ne mai nauyi ƙwarai. Ƙannena da su ka soma kimiyya sun san cewa zafin da za a zare daga ruwa kafin ya daskare, bayan ya riga ya yi sanyi ƙarara, ya ninka wanda a ka zare wajen sanyaya shi fiye da sau biyu da rabi. In an haɗa duka, lita 10 na ruwa, watau jakar ruwan leda guda mai ƙwaya 20, sai inji ya sha wajen yunit ɗaya kafin ta zama ƙanƙara mai tauri. Ashe in kina daskarar da jaka ɗaya kowace rana, firizarki yunit 2 ta ke sha, ba ɗaya ba, watau 60 a wata. In kin ɗura mata jaka biyu ko uku don kwaɗayin ciniki, injin ba zai huta ba ko na minti ɗaya, a nan lissafin Malam na 72 ya zama gaskiya, ƙanƙarar ma ba za ta yi tauri ba. A jikin allon nan da ya haska da tocila, ko a takardar da ta zo da ita, an rubuta nauyin kilo nawa ta ke iya daskararwa cikin awa 24. Ki duba, kada ki wuce shi.

Shawarata a nan ita ce ki raba lissafin biyu. Yunit 30 na farko na gida ne, don naman gidan da kayan miyan gidan ke ciki, har ruwan sanyin da Malam ke sha in ya dawo daga kasuwa. Yunit 30 na biyu na sana'arki ne, ya kamata su fito daga cikin cinikinki, kamar yadda ki ke fitar da kuɗin sukari da citta da leda. A farashin Naira 225, kowace ƙwayar ƙanƙara ta ci miki wutar Naira 11 da 'yan kai. A farashin Naira 70 kuwa Naira 3 da rabi. Mata da yawa ba mu sa wannan cikin lissafi, sai mu ga kuɗi a gwangwani mu ce riba ce, alhali rabinta aljihun maigida ne ya biya. Ni a ganina matar da ta zo da kanta ta ce ga kuɗin wutar sana'ata, ta fi ƙarfin a ce mata ta cire firiza.

Akwai kuma hanyar rage wannan kashin. Mai son zoɓo mai sanyi ba ƙanƙara ya ke nema ba. In kin fitar da shi da zarar ya yi sanyi sosai, kafin ya daskare, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wutar kaɗai ki ka kashe. Kada kuma ki kuskura ki sa shi da zafinsa. Zoɓon da a ka sauke daga murhu a ka ɗura a ka jefa firiza yana ƙara rabin aikin a banza, ya kuma narkar da na kusa da shi. Ki dafa da yamma, ki bar shi ya huce, ki jera robobin cikin baho da ruwan randa su kwana. Randar kakanninmu ba ta karɓar ko kwabo.

Inda kuɗi ke zuba da gaske, wanda ba a cika lura ba, shi ne janareta. Tun da a ka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, har a watan Oktoba 2024 lita ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Ƙaramin janareta ya kan sha wajen rabin lita a awa, ko da abin da a ka ɗora masa kaɗan ne. A ce lita Naira 900 ce. In kin tayar da shi saboda firiza kaɗai, kin ƙona Naira 450 a awa don ki ba ta kashi ɗaya bisa goma na yunit, abin da mita za ta sayar miki Naira 22 da rabi ko a rukuni mafi tsada. Ninki ashirin ke nan. Awa 4 a rana Naira 1,800, a wata Naira 54,000. Wace ƙanƙara ce za ta biya wannan? In dai an riga an tayar da inji don wani aiki, kuma yana da ƙarfin ɗaukar ta, sai a jona, amma a tuna sa'ad da injin firiza zai tashi ya kan fizgi wuta ninkin abin da ya ke sha in ya daidaita, shi ya sa ƙananan janareta ke shaƙewa.

Wata dabara da na ji wasu gidaje na yi ita ce a cire firiza da dare, a mayar da safe, wai tattali. Wannan ba tattali ba ne, bashi ne. Zafin da ya shiga da dare, da safe sai injin ya yi ta aiki ba hutawa har ya fitar da shi. Abin da a ka rage bai taka kara ya karya ba, nama kuwa ya saki ya sake ƙanƙamewa, ya lalace a hankali. Wutar da ke ɗaukewa da kanta ma ta ishe mu, ba sai mun taya ta ba.

Game da ɗaukewar wuta, firizar da ke cike maƙil, in ba a buɗe ta ba, tana iya riƙe kaya wajen kwana biyu. Mai rabi kuwa wajen kwana ɗaya, a zafinmu ma kada a yi mata dogon zato. Don haka in kayanki sun ragu, ki cike gurbin da robobin ruwa, kada ki cika su har baki don ruwa na kumbura in ya daskare. Sau ɗaya za ki biya kuɗin daskarar da su, daga nan su ne za su yi miki gadi. Bayan kwana biyu kuwa sai a koma wa dabarar iyaye. Ba mu manta da watan Oktoba 2024 ba, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa su ka lalace, jihohi da dama su ka yi fiye da mako guda cikin duhu. Yaya ta ce a rana ta biyu ta fitar da namanta duka ta soye shi ƙarau kamar na layya, ta tafasa markaɗen har ya kafe ta soya da mai. Maƙwabciyarta ta ce bari ta jira gobe, goben ba ta zo da wuta ba, sai bola. Naman da har yanzu da ƙanƙara a jikinsa ana iya mayarwa. Wanda ya saki ya yi ɗumi na awoyi, kada a ba yara, ko da bai yi wari ba.

Ga waɗanda ba su saya ba tukuna, na san ido ya kan tafi kan ta hannu, 'yar Kwatano, don sauƙin kuɗi. Araha dai ba ta ado. Tsohuwar firiza da robar murfinta ta saki, injinta ya gaji, tana iya shan ninki biyu na sabuwa. A ce bambancin yunit ɗaya ne a rana: a farashin Naira 225 ya kama Naira 82,125 a shekara, a farashin Naira 70 kuwa Naira 25,550. Kowace ta auna da farashin unguwarsu. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi sun san wannan zance, don tun 2013 ƙasar Gana ta hana shigo da tsofaffin firji da firiza saboda shan wutarsu. In kin je kanti kada ki tsaya ga bakin mai sayarwa, nemi takardar da a ka manna a jiki, ki duba lambar da ke gaban kWh, ita ce abin da za ta sha a shekara a wurin gwaji, ki ƙara mata rabi saboda zafinmu. Haruffan kayan Turai kada su ruɗe ki. A watan Maris 2021 su ka sake tsarinsu, su ka bar A mai alamun tarawa su ka koma A zuwa G, har sabuwa mai E tana iya fin tsohuwa mai A tattali. Lambar ce abin dubawa. A allon baya kuma ki nemi harafin T, ma'anarsa an yi ta don ƙasashen zafi har digiri 43. Mai ST iyakarta 38, mai N kuwa 32, wadda ko rabin bazararmu ba za ta kai ba sai ta galabaita. Mai zaune a unguwar da wuta ba ta zama, kaurin bango ya fi mata kome, don shi ke riƙe sanyi. Kada kuma ki sayi wadda ta fi bukatarki girma don a gani a yaba.

Wurin ajiya ma kuɗi ne. Na sha shiga gida in tarar da firiza a baranda rana na dukanta, ko a madafa kusa da murhu, an matse ta da bango. Mu mata kuma da son ado, sai a lulluɓe ta da ƙyalle mai aiki har ƙasa, a jera kwanuka a kai. Taɓa gefenta ki ji, da ɗumi. Yawancin na kwance ta jikin bangonsu su ke fitar da zafi, in kin rufe shi kamar kin sa wa mutum bargo ne da bazara kin ce ya yi daka. A sa ta a inuwa, a bar tazarar tafin hannu ko fiye ta kowane gefe, a riƙa share ƙurar hunturu daga ragar da ke wajen injin. Robar murfi kuwa ga gwajinta: sa takarda a baki ki rufe, ki ja. In ta zare salin alin, sanyinki na tsiyaya ta nan. Ƙanƙarar da ke taruwa a bango in ta kai kaurin ɗan yatsa a kashe a bar ta ta narke. Don Allah ban da wuƙa. Bututun gas na nan a bayan bangon, gas ɗin yawancin na zamani kuma mai kamawa da wuta ne. In an ɗauke wuta an dawo da ita nan take, a dakata minti biyar kafin a kunna. Mai makulli a riƙa kullewa, musamman wadda ta mutu a ka ajiye a lungu, don yara na wasan ɓuya, murfin kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin yaro daga ciki.

Na dawo gare ki, 'yar'uwa ta Zariya. Kada ki kai wa Malam lissafina, ki kai masa mitarsa. Ki bari sai ya ci abinci ya huta, ba a gaban abokiyar zamanki ba, ki roƙe shi ku gwada. Ku zaɓi ranar da wuta ta zauna, kayan ciki sun daskare tun jiya, kada ki zuba sabo. Shi da kansa ya rubuta lambar da mita ta nuna, a kashe kome sai firiza, bayan awa 6 ya sake dubawa, ku ninka abin da ya ragu sau 4. Kashegari ki zuba jakarki ta kullum ku sake gwadawa. Rana ta uku a kashe firizar na awa ɗaya a yi guga, ya ga yadda lamba ke gudu. In gwajin farko ya nuna fiye da yunit 2 a rana alhali ba sabon kaya a ciki, to firizar na da ciwo, a kira mai gyara, in da sauran garanti a koma kanti. Masu zaman gidan haya da ke tarayya a mita ɗaya, akwai ƙaramar mita da a ke sa wa ɗaki guda ko soket guda, kuɗinta bai kai na rigimar wata ɗaya ba. Ina kuma roƙonki, in gwaji ya nuna hitar wani ɗaki ce ke cin katin, kada ki mai da shi abin gori. Ki bar lambar ta yi magana.

Ƙannena 'yan makaranta, ga aikinku na wannan mako. Kowace ta nemi rasit ɗin katin gidansu ta fitar da farashin yunit ɗaya. Sa'an nan ta amsa wannan: firiza tana shan yunit ɗaya a rana don tsaro, Inna kuma tana daskarar da jakar ruwa ɗaya kullum ban da Juma'a. Nawa ne kuɗin wutar firizar cikin mako huɗu, nawa ne kuma kason sana'a a ciki? Ku aiko da amsa ta hannun Edita, tare da sunan garinku da watan da ku ka yi gwaji in kun yi, don ina so in ga yadda Jos za ta bambanta da Sakkwato.

Zancen rigunan yara sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku tanadi tsohuwar jarida da almakashi da zaren awo. Na bar ku lafiya.